A Bar Dodo Ya Hau Takarda

Akwai wani hukunci da masu ilimin zamani a Arewa suka yanke tun kafin a kai ƙara gabansu, kuma hukuncin yana da kai biyu. Na farko, wai labarin da aka bayar ta hanyar zane-zane a jere, irin wanda jama'a ke kira katun, kayan yara ne, bai dace a ga magidanci ko uwar 'ya'ya riƙe da shi ba. Na biyu, wai labarin ban tsoro baƙo ne da ya shigo mana daga Turai da Indiya, ba ya haifar da komai sai mugun mafarki da raunin imani. Idan aka gama kawunan biyu, sai a tarar littafin zane na ban tsoro wanda aka yi don manya ba shi da wurin zama a ƙasar Hausa. In an ce na yara ne, ya yi muni. In an ce na manya ne, ya zama abin kunya.

Hukuncin nan kuskure ne tun daga saiwa har ganye, kuma muna biyan kuɗinsa ba tare da mun lura ba. Za mu leƙa Amurka da Japan a kan hanya, amma uwar hujjar tana nan kudu da birnin Kano, a ƙasar Rano da Kibiya, inda duwatsu da kukoki da tsofaffin ganuwowi suke riƙe da labaran da suka isa su hana ƙato barci.

Tsoro ɗan gida ne

A fara da sarauta. Ana yi wa Sarkin Rano laƙabi da Autan Bawo, domin Rano tana cikin Hausa Bakwai, waɗanda labarin gargajiya ya danganta da zuriyar Bayajida. To mene ne ƙashin bayan wannan labari? Macijiya ce a rijiyar Kusugu ta Daura, ta hana gari ɗiban ruwa sai rana ɗaya a mako, har wani baƙo ya zo cikin dare ya sare mata kai. Duk wanda ya san sana'ar tsoratarwa zai gane kayan aikin: rijiya mai duhu, gari cikin ƙishirwa, wani abu a ƙasa da ba a gani, da baƙon da bai san dokar gari ba. Labarin da muke koya wa 'yan firamare a matsayin asalinmu, labarin dodo ne.

Tarihin Kano na rubuce, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fi wannan duhu. Ya buɗe da Barbushe a kan Dala da Tsumburbura a cikin shingenta, ya rufe zamanin sarakunan Haɓe da Dirki. Shi Dirki wani abu ne da aka naɗe cikin fatu, sarki bayan sarki ana yi masa yanka. Sarki Muhammadu Alwali ya sa aka fasa shi da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki, kuma aka gargaɗe shi cewa shi ma haka za a fitar da shi daga ƙasar. Jihadi ya zo, gudu ya bi da shi ta Rano, ajali ya riske shi a Burumburum wajen 1807. Wane marubuci ne zai ƙago abin da ya fi wannan sa tsikar jiki tashi?

A rabi na biyu na ƙarni na 19 kuma, kudancin Kano da ido ɗaya yake barci saboda hare-haren Ningi. Malam Hamza da jama'arsa sun bar Tsakuwa wajen 1846 a kan rigimar haraji, suka shige duwatsun Ningi, magadansu kuwa suka shafe shekaru suna kai farmaki garuruwan kudu da kudu maso gabas suna kwasar mutane. Ganuwar da ta zaizaye a irin waɗannan garuruwa shaida ce ta zamanin da mutum zai fita gona da safe ba shi da tabbacin kwana a ɗakinsa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta wallafa tarihin rayuwarta a 1954, ta ba da labarin irin wannan fargaba a kan iyakar Kano da Zazzau, da yadda dangi ke tara dukiya su fanso nasu. Wanda ya karanta zai ga garkuwa da mutane ba yau ta fara hana mu runtsawa ba.

Sai tatsuniya. Juzu'ai uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 cike suke da Dodo mai haɗiye mutane, da kura mai rikiɗa, da kishiyar uwa mai tura marainiya inda ba a dawowa. Kakanninmu mata ba su tace waɗannan ba kafin su zuba mana a tsakar gida. Bori kuma ya gina birni sukutum na iskoki, Jangare, da sarakunansa da fadawansa da kutarensa.

Malamai ma ba su raina tsoro ba. Rabin wa'azi tsoratarwa ce, rabi kwaɗaitarwa. Waƙoƙi irin su Baƙin Mari da Jan Mari, da waɗanda Nana Asma'u ta tsara a kan azaba da tsayuwar Alƙiyama, da wuraren da Aliyu Namangi ya siffanta mutuwa da kabari a cikin Imfiraji, duk sun san cewa zuciyar da ba ta girgiza ba da wuya ta gyaru. A zube kuwa, masu karatun littattafan kasuwar Kano sun san Nazir Adam Salih da Kibiyar Ajali, sun san Maje El-Hajeej, sun san duniyoyin aljanu da matsafa na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Ashe tsoro ya daɗe a bakinmu da waƙarmu da rubutunmu. Hannun mai zane kaɗai muka riƙe.

Abin da zane yake iyawa

Mai karatu zai ce, in muna da shi a baki da rubutu, me zane zai ƙara? Amsar tana cikin yadda littafin zane yake aiki. Shafi yana rarrabe gida-gida, kowane gida da hotonsa, tsakanin gida da gida kuma akwai ɗan farin fili da ba a zana komai ba. A nan ne abin yake faruwa. A ce gida na farko ya nuna ɗan acaɓa a kan hanyar Rurum bayan magariba, wata mata a gindin tsamiya tana ɗaga masa hannu. Gida na biyu ya nuna ta a bayansa, mayafi ya rufe fuska. Gida na uku ya nuna inda ta ɗora ƙafa, sai ga kofato. Babu jini, babu ƙara, babu kiɗan fim. Mai karatu ne da kansa ya cike gurbin, kuma abin da zuciyarsa ta zana masa ya fi duk abin da alƙalami zai iya.

Akwai kuma juya shafi. A fim, lokaci yana hannun darakta. Ka so ko ka ƙi, abin zai zo. A littafin zane kai ne za ka kai hannu ka buɗe, kana sane da cewa akwai abin da ke jiranka a baya. Junji Ito na Japan ya gina sunansa a kan wannan dabara. Littafinsa Uzumaki, wanda ya fito tsakanin 1998 da 1999, labarin wani ƙaramin gari ne da siffar murɗe irin ta katantanwa ta zame masa annoba, kuma da baƙar tawada a kan farar takarda ya yi shi. Wannan batu ne na tattalin arziki: mai shirya fim a Kano da yake son nuna birnin Jangare yana bukatar kuɗin da ba shi da su, sai ya ƙare da hayaƙi da hodar fuska, 'yan kallo su yi dariya. Mai zane yana bukatar alƙalami, takarda da haƙuri.

Batun cewa zane na yara ne kuwa, duniya ta daɗe da wuce shi. Maus na Art Spiegelman, wanda ya ba da labarin kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, ya sami kyautar Pulitzer a 1992. A 1993 kamfanin DC ya buɗe sashen Vertigo ƙarƙashin Karen Berger, aka riƙa buga wa littattafansa tambarin cewa na manya ne. A Nijeriya ma, manya ne suka riƙa rububin mujallar African Film mai labarin Lance Spearman cikin hotuna a ƙarshen shekarun 1960, kuma Ikebe Super da Wale Adenuga ya kafa a 1976 ba ta 'yan makaranta ba ce. Kamfanin Comic Republic ya tashi a Legas a 2013. Roye Okupe ya ɗauki tarihin Amina ta Zazzau ya gina jarumarsa Malika a kansa, ya sayar wa duniya. Wasu suna girbe gonarmu, mu muna bakin kunya muna gardamar ko noma ya dace da babba.

Maganar hoto a addini

Suka mafi nauyi ita ce ta addini, kuma ba a yi mata amsar raini. Hadisan da suka yi kashedi ga masu yin sura ingantattu ne, kuma akwai malaman da suka ɗauke su a kan kowane zanen mai rai. Wanda ya bi wannan fahimta ya nisanci zane, haƙƙinsa ne. Amma mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar nan ta ginu a kanta, ta bambanta tsakanin gunki mai jiki da inuwa, wanda ta haramta idan cikakke ne, da zane a kan shimfiɗaɗɗen abu kamar takarda ko tufa, wanda mafi yawan malamanta ba su kai shi ga haramun ba. A aikace ma a nan al'umma ta tsaya. Magana Jari Ce da zane-zanenta muka karanta ta. Littattafan firamare cike suke da zanen mutane, jaridu suna buga katun na siyasa, hotunan shehunnai da na 'yan takara suna manne a jikin kowace A-daidaita-sahu. Ba ya yiwuwa zane ya halatta lokacin neman ƙuri'a, ya haramta lokacin ba da labari.

Musulmin wasu ƙasashe sun rigaye mu. Littafin Ƙazwini a kan abubuwan al'ajabi na halitta, wanda aka rubuta a ƙarni na 13, an riƙa kwafarsa da zanen halittu masu ban tsoro. Kitabul Bulhan, wanda aka haɗa a Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 14 kuma yake ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Ingila, yana ɗauke da zanen sarakunan aljanu shafi-shafi. A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, an yi zamanin da ake sayar da ƙananan littattafan zane na azabar wuta a bakin makarantu da tashoshi, waɗanda aka sani da Siksa Neraka, har aka mayar da su fim a 2023. A Amurka, Infidel na 2018 ya ba da labarin wata Musulma da ke zaune a gidan da wasu halittu suke ƙiba da ƙiyayyar da maƙwabta ke yi wa Musulmi.

Iyaka kam dole ce. Ba a zana Annabawa, ba a zana Mala'iku ko Sahabbai, ba a mayar da littafi makarantar koyon tsafi, ba a sayar da tsiraici da sunan tsoro. Marubucin da ya san aikinsa ba zai yi kukan waɗannan iyakoki ba, domin a wannan sana'a abin da aka ɓoye shi ne jari.

Wutar 1954 da wutar 2007

Masu kiran a hana suna da magabata, kuma yana da kyau a duba inda hanyarsu ta kai su. A farkon shekarun 1950, kamfanin EC na William Gaines yana buga mujallun zane na ban tsoro irin su Tales from the Crypt, matasan Amurka suna saye kamar ƙosai. Tun 1948 ake tara irin waɗannan mujallu a harabar makarantu ana cinna musu wuta. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora musu alhakin lalacewar yara, wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a kan batun a watan Afrilu, kafin shekara ta ƙare kamfanoni suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Dokarta ta hana ko da sanya kalmar tsoro a sunan mujalla, ta hana zanen masu shan jini da gawa mai tafiya. EC ya rufe mujallunsa na ban tsoro. Birtaniya ta bi sahu da dokarta a 1955.

Me ya biyo baya? Laifukan matasa ba su gushe ba. A 1971 aka sassauta dokar, a 2011 ta mutu murus. A 2012 kuma wata mai bincike, Carol Tilley, bayan ta bi takardun Wertham da aka buɗe wa jama'a, ta nuna cewa ya sauya maganganun yaran da ya yi hira da su, ya ƙara gishiri, ya ɓoye abin da bai dace da ra'ayinsa ba. An karya sana'a guda a kan hujjar da aka gyara da hannu.

Mu ma mun kunna tamu wutar. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. A shekarar da ta biyo, hukumar tacewa ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta nemi kowane marubuci ya yi rajista, aka yi ta ja-in-ja da ƙungiyoyin marubuta. Niyyar masu yin haka mai kyau ce, amma a duba inda aka kwana. Kasuwar littafin takarda ta yi sanyi, rubutu ya yi ƙaura zuwa WhatsApp da Wattpad da YouTube, inda babu edita, babu maɗaba'a, babu mai tambayar shekarun mai karatu. Abin da ake rubutawa a wasu daga cikin waɗannan zaurukan yau, littattafan da aka ƙona a 2007 wa'azi ne a kansa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Tsoron da ke cikin aljihu

Ga tambayar da nake son masu kare tarbiyya su amsa: wane tsoro ne kuke kare yaran Rano da Kibiya daga gare shi? A kasuwannin ƙauye akwai masu tura fina-finai a waya, a ciki har da na ban tsoro na Indiya da aka fassara da Hausa, kuma ba a tambayar mai saye shekarunsa. Wannan ma mai sauƙi ne.

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana gab da ƙaramar Salla, wasu mafarauta suna kan hanyarsu ta dawowa gida daga Fatakwal, sai 'yan sintiri suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo. Aka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, taro ya taru. Mutum 16 aka kashe, aka cinna musu wuta. Da yawansu 'yan kudancin Kano ne, ciki har da mutanen ƙauyen Torankawa na Bunkure, ƙaramar hukumar da ita da Rano da Kibiya suka haɗu suka zama masarautar Rano ta yau. Allah Ya jiƙansu. Kafin a yi musu makoki, bidiyon kisan ya zagaye wayoyi. Babu hukumar da ta tace shi, babu tambarin shekaru a kansa, ya shiga ɗakunan matan aure da aljihun 'yan sakandare.

Irin wannan bidiyo yana nuna gawa, amma ba ya nuna yadda mai sayar da lemo, wanda ya tashi da safe ba shi da niyyar kashe kowa, ya tsinci kansa riƙe da taya da ashana. Yana barin mai kallo da abu biyu kawai: ƙunar ramuwa, ko mutuwar zuciya. Ƙagaggen labari ne yake iya ɗaukar mai karatu ya tsayar da shi a tsakiyar taron, ya ji yadda ihu yake shiga jini, sannan ya juya shafi ya ga fuskar wanda aka kashe a lokacin da yake sallama da 'yarsa. EC ya taɓa yin haka a 1954 da wani labari mai suna The Whipping: wani uba mai ƙin baƙi ya tunzura gungun masu rufe fuska su yi wa saurayin 'yarsa bulala, suka shiga cikin duhu suka naɗe wanda suka samu a buhu, suka doke shi har lahira, da aka buɗe sai ga 'yar tasa. Abin takaici, wannan labarin yana cikin waɗanda aka kai gaban kwamitin majalisa a matsayin shaidar ɓarna.

Kada kuma mu ɗauka taron kisa halin wasu ne can. Ihun ɓarawo, ihun maye, ihun satar mazakuta, duk mun san su a tashoshinmu da kasuwanninmu, kuma mun san yadda suke ƙarewa.

Inda masu suka suke da gaskiya

A nan ne ya wajaba a ba masu suka haƙƙinsu, domin akwai hatsari na gaske, ko da yake ba wanda suka fi ambato ba ne. A Japan ko Ingila, mai karanta labarin mayya ya san wasa ne. A ƙauyukanmu maita zargi ne mai rai. Ana cewa wance tana da ƙanƙara a ciki, ta kama kurwar yaron wane, a tilasta mata ta tsallaka shi. Wadda ake nunawa kusan kullum ita ce marar gata: tsohuwar da mijinta ya mutu, wadda ba ta haihu ba, wadda tsufa ya taɓa mata tunani take magana ita kaɗai. Dokar Penal Code ta Arewa ta mayar da zargin mutum da maita laifi, amma doka tana birni, taro yana ƙofar gida.

Don haka littafin zane da zai nuna tsohuwa mai jajayen idanu tana lasar baki a bayan danga, sannan jarumi ya zo ya hallaka ta a yi tafi, fetur ne a kan garwashi. Wanda zai yi irin wannan gara ya ajiye alƙalaminsa. Wannan shi ne bambancin littafin manya da na shirme. Littafin manya yana tambayar wa ya fara furta kalmar, me zai samu idan aka kori matar, gonar wa ke maƙwabtaka da tata. Yana iya barin aljani a cikin labarin, domin mu masu imani ne da gaibu, amma ba ya barin mai karatu ya rufe shafin ƙarshe yana jin cewa shi wankakke ne.

A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata suka riƙa faɗuwa rututu a makarantun sakandaren Kano, aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuƙa, gari ya rabu tsakanin masu ruƙiyya da masu maganar asibiti. Ga labari nan da ke jiran mai zane: ɗakin kwanan ɗalibai bayan an ɗauke wuta, shugabar makaranta da ke tsoron a rufe mata makaranta, uba da bai san ƙofar da zai buga ba, da yarinyar da ba wanda ya tambaye ta abin da ke damunta. Mai farfaɗiya, mai taɓin hankali bayan haihuwa, almajirin da ya ɓace ba wanda ya yi cigiya, magidancin da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa aka ba shi gawa: dodannin zamaninmu ke nan, kuma labarin soyayya ba zai iya ɗaukarsu ba.

Abin da ya rage a yi

Na farko yana kan hukuma. Hukumar tacewa ta Kano tana da hurumi a kan ɗab'i, to ta yi amfani da shi wajen rarrabewa maimakon hanawa. A fito da tambarin shekaru a bangon littafi, kamar yadda hukumar tace fina-finai ta ƙasa take yi wa fim, a bayyana ƙa'idojin a rubuce kowa ya gani, a hukunta mai sayar wa yaro littafin manya. Littafin da ke kan tebur ana iya duba shi, a yi masa raddi, a kai marubucinsa ƙara. Wanda aka kora zuwa waya ya fi ƙarfin kowa.

Na biyu yana kan masu fasaha. Marubutanmu sun iya labari, masu zanenmu kuma suna nan, daga waɗanda suka fito daga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har zuwa masu zana zaki da dawaki a bayan manyan motoci. Abin da ya rage su zauna a tabarma ɗaya. Kuma kada su kwaikwayi gidan Bature mai bene da akwatin gawa. Duhun rumbu, rijiyar da aka daina ɗiba, kangon da aka ƙaurace wa a gindin dutse, hazon hunturu a kan Ruwan Kanya, sun ishe su.

Na uku yana kan garuruwan kansu. Shigeru Mizuki, wanda ya rasa hannunsa na hagu a Yaƙin Duniya na Biyu, ya koyi labaran iskokin Japan daga bakin wata tsohuwa da ta yi renonsa a ƙaramin garin Sakaiminato. Ya zana su, suka zama dukiyar ƙasa, har a 1993 garin ya buɗe titi da sunansa wanda baƙi ke tururuwa zuwa gani. Gumakan da suka jera a titin ba namu ba ne, ba kuma su ake nema ba. Darasin shi ne tsohuwar. Akwai irinta a Lausu da Saji da Zurgu, akwai a Tarai da Durba da Fammar, kuma kowace shekara ana binne wasu da abin da ke cikin kansu. Masarautar Rano da malaman Hausa na makarantun yankin suna iya tattara waɗannan labarai da izinin masu su, da sunayensu, kafin ƙasa ta rufe.

Na ƙarshe yana kanmu, mu masu albashi da digiri, da muke biyan kuɗin kallon fatalwar Koriya da tsakar dare sannan mu wayi gari muna yi wa ɗan Kibiya mai zane wa'azin ya nemi sana'a. In littafin ya fito, mu saya da kuɗinmu, mu karanta, mu soki marar kyau da hujja. Al'ummar da ta hana a zana abin da take tsoro ba ta rabu da shi ba. Ta dai bar shi ne ba fuska, kuma abin da ba shi da fuska, fuskar maƙwabci yake ara.